Sabon Inji Ba Ya Ɗaukar Gari

Kwanakin baya wasu samari suka turo wata tsohuwar mota har ƙofar garejina a Gwarzo, irin mai dogon hancin nan, wai a bayan gidan kakansu suka tono ta. So suke a cire injinta mai silinda huɗu a dasa mata mai shida, su riƙa tsere da ita. Ɗayansu ya miƙo mini waya ya ce, "Baba, kalli yadda ake yi. A sauke wannan, a ɗora wancan, shi ke nan. Ai zuwa jibi ka gama ko?"

Na ce ya mayar da wayarsa aljihu. Wanda ya ɗauki hoton nan biki ya nuna masa, bai nuna masa zaman auren ba. Da baki ban iya dogon bayani ba, don haka na zauna na rubuta, wanda yake son ji ya karanta.

Lokacin da na shiga wannan sana'a gyaɗa ce sarauniya. Ina fitowa daga makaranta mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Ilu makanike, a gindin wani maɗaci kusa da tasha. Garejin ke nan gaba ɗaya: maɗaci, da sarƙar ɗaga inji a rataye a reshensa, da akwatin sifanu, da rabin duro na wanke kaya. Malam Ilu ya yi mini tambaya, na amsa ina kallon ƙasa, sai ya ce wa mahaifina, "Bar shi. Mai surutu ba ya jin inji." Aikina na farko wanke noti da kananzir, in jera su a kan buhu yadda aka kwance su, na farko a farko. Na daɗe a kan wannan kafin a bar ni in riƙe sifana. In noti ɗaya ya ɓace a cikin yashi, ba mai tashi cin abinci sai an tankaɗe wurin da rariya an gano shi, domin babu shagon da za ka je ka sayo wani sai Kano.

Masu kawo mana aiki yawancinsu masu sayen gyaɗa ne, waɗanda ke kafa sikeli a ƙauyuka irin su Mainika da Unguwar Tudu. Da kaka ta yi, kowa so yake ya riga ɗan'uwansa zuwa wurin manomi, ya kuma riga shi kai kaya Kano. Ƙananan motocinsu masu silinda huɗu ba laifi a kan kwalta, amma a loda musu buhuna a shiga yashi, sai ka ji suna nishi kamar mai ciwon haƙarƙari. Shi kuwa mai shida a jere, wato silinda shida a layi ɗaya, ba ya karkarwa, ba ya haki, tun bai ɗauki gudu ba ƙarfinsa yake fitowa. Malam Ilu kan ɗora kofin shayi a kan wanda ya gama haɗawa yana aiki, in shayin ya yi rawa ya ce da sauran gyara. Muna samo irin waɗannan injuna daga manyan motocin da suka faɗi, ko motocin ma'aikata da aka yi gwanjonsu.

To, mu koma kan "a sauke wannan, a ɗora wancan." Mai shida ya fi mai huɗu tsawo sosai. Ina za ka kai wannan tsawon? Sai ka matsar da lagireto gaba, in bai isa ba ka fasa bangon da ke gaban ƙafar direba ka tura shi ciki. Kujerun da inji ke zama a kai ba za su zo daidai ba, sai ka auna da zare, ka yanka kwali, ka kai wa maƙeri ya ƙera sababbi. Farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ta yi tsawo, a rage ta, kuma in ta karkace ko da kaurin ƙwayar gero ne, motar za ta riƙa rawa har haƙoran direba su mutu. Nauyi ya ƙaru a gaba, a ƙara ganyen sifirin. Sannan birki. Malam Ilu ba ya sakin mota sai ya ƙara mata birki, yana cewa wanda ya ƙara wa mota gudu bai ƙara mata tsayawa ba, likkafani ya ɗinka wa mai ita.

Motar wani mai sikeli daga Kabo ita ta koya mini ɗaurin kan inji. An haɗa ta a wani wuri, ta zo tana cakuɗa ruwa da baƙin mai. Muka buɗe, Malam Ilu ya kwantar da kan injin a kan gilashi, sai ga haske yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Wanda ya ɗaure shi daga gefe ɗaya ya fara, ya bi layi har ƙarshe kamar mai shuka. Kan mai shida dogo ne, wannan ɗaurin ya lanƙwasa shi. Daga tsakiya ake farawa, a ja nan kaɗan, a ja can kaɗan, ana faɗaɗawa, kamar mai ɗaure fatar ganga. Muka shafa wa gilashin garin wasa bawul, muka yi ta goga kan nan da hannu, ni da shi muna karɓa-karɓa, har tafin hannuna ya saɓule. A kan aikin nan ne ya sa na haddace yadda wuta ke bin filogi: ɗaya, biyar, uku, shida, biyu, huɗu. Yakan tare ni a hanyar masallaci ya ce, "Habu, biya!" in tsaya in biya masa kamar hadda.

Amma duk wannan somin taɓi ne. Babbar doka ita ce ta bayan haɗawa. Sabon ringi, wato zoben da ke jikin fistin, da bangon silinda baƙin juna ne, sai sun gogi juna a hankali sun saba. In ka loda wa inji kaya a kwanakinsa na farko, ko ka matsa masa a hawa, zai yi zafi, ringi ya karce bango, fistin ya kama. In bai mutu a ranar ba, zai rayu yana shan mai yana hayaƙi har ƙarshensa. Don haka sabon inji tafiyar wofi yake yi, sannu a hankali, sai ya saki jiki. Wannan dokar ita ta haɗa ni da mutanen Madadi.

A shekarar da gyaɗa ta mutu ne. Fari ya riga ya cinye shekarun baya, da aka samu ruwa aka yi shuka kuma, sai cuta ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya dunƙule ya ƙanƙance, ka tuge ka tarar ba ko ƙwaya. Masu sikeli suka naɗe kayansu. Motoci suka zauna a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Malam Ilu ya riga ya rasu ya bar mini maɗacin. Abokan aikina wasu suka tafi Kano, wasu suka koma gyaran injin niƙa. Ni na ƙi tashi. Nakan zo da safe in share gindin bishiya, in goge sifanu, in zauna. Masu wucewa su ce, "Habu, gawa kake gadi?" In ce Allah ya ba mu alheri.

Cikin wannan hali Alhaji Buba na Madadi ya zo. Mutumin kirki ne, asalinsu masu shanu ne, da gyaɗa ta yi albarka ya sayi ƙaramar motar kaya mai bodin katako. Yanzu fari ya kashe masa yawancin garke, waɗanda suka rage ƙashi da fata, motar kuma injinta ya buga. So yake a tashe ta ta riƙa zuwa kudu tana ɗauko dusa da harawa, ko ya tsira da sauran shanun. Mai huɗu ba zai iya wannan tafiyar da kaya ba ko da yana da rai. Na haɗa masa mai shida daga gawarwaki uku: gangar jiki daga wannan, kai daga wancan, karanshaf daga na uku. Sabon ringi kuwa saiti ɗaya tak ya rage a ƙasan akwatin Malam Ilu, a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Na yi cigiyar wani har Kano ban samu ba. Ke nan in injin nan ya kama, babu na biyu, shanun Alhaji kuma sai yadda Allah ya yi.

Na gaya masa haka ƙarara. Na ce, "Alhaji, ka fi ni sani, ɗan bijimi gungume ake fara ɗaura masa kafin garma."

Ya yi dariya ya ce, "Habu, kar ka koya mini sha'anin shanu. Na ji. Kawo motar."

Shi ya zaɓi ranar da zan kai ta, ashe ranar kasuwar Kabo ce. Ina shan kwana da sassafe na hango ƙofar gidansa cike maƙil. Mata da ƙoren nono, maza da awaki da kaji da damin itace, wasu da fatun shanun da suka mutu. A can al'ada ce, duk wanda Allah ya ba abin hawa, ko ya tashe shi bayan ya mutu, tafiyar farko ta jama'a ce. Ba a karɓar komai, ba a kuma cewa wani ya sauka. Sadakar mota ke nan, da ita ake neman tsari daga hatsari, wanda ya hana kuwa har jikokinsa sai an yi musu gori. Ga shi shekarar wuya ce, jakuna da yawa sun mutu, mutane da ka suke ɗaukar kaya.

Muka gaisa da Alhaji, ya tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, na tambayi shanu, ya ce da godiya. Kafin mu gama gaisawa, direbansa Garba, wanda ake wa laƙabi da Guguwa, har ya fara lodi. Ana miƙa awaki, ana cusa fatu, mutane na hawa ta kan taya. Ina kallo sifirin baya ya miƙe ya kwanta.

Na ce, "Alhaji, ba haka muka yi ba."

Ya rage murya don kar a ji, ya ce, "Na sani. To wa zan ce wa ya sauka? Waccan gwaggona ce. Wancan shi ya raɗa mini suna. Yau ɗaya dai, Habu. Allah zai kiyaye."

"Allah yana kiyayewa, Alhaji, amma yau ɗin ce ba zai iya ba. Da wata mai zuwa ne, ka ɗora masa garin duka har da rijiya."

Garba ya leƙo daga saman kaya ya ce, "Kai Malam, inji ne ko amarya? Shida fa ka ce! In ba ya ja ka faɗa mana gaskiya mu nemi jaki."

Aka fashe da dariya. Na buɗe bonet kamar zan duba mai, na cire ɗan abin nan da ke raba wa filogi wuta, wanda bai wuce babban yatsa ba, na jefa a aljihu. Garba ya shiga ya murza makulli, ya sake murzawa, mota ta yi ta gurnani ta ƙi tashi. Ya fito ya dube ni, na dafa aljihuna.

Alhaji ya ce, "Habu, motata ce ko taka?"

"Motarka ce, ranka ya daɗe. Injin ne ban gama ba. Ba a gama inji a gindin bishiya, a hanya ake ƙarasa shi."

"To so kake in kori mutanena?"

Na ce a'a. Kowa zai je kasuwa a motar nan, ba wanda za a hana. Amma kaɗan-kaɗan, sawu-sawu, ni zan tuƙa, kuma in an zo hawan da ke bayan rafi, kowa zai sauka ya taka da ƙafa.

Alhaji ya daɗe yana kallon shanunsa da ke kwance a bayan danga. Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "To kun ji. Ba ni na faɗa ba." Ya shige gida.

Na mayar da abin da na cire, na tashe ta. Ban taɓa shan zagi irin na ranar ba. Tafiya nake kamar mai rakiyar gawa. Wani mai keke ya wuce mu yana kaɗa ƙararrawa, yana tambaya ko da mai saƙo ya kai masa Kabo. Garba ya ƙi zama a gaba, ya ce kar a gan shi, ya hau baya yana yi wa mutane rantsuwa cewa shi ba ruwansa. Matan nono na ɗauka a sawun farko saboda rana, duk da haka wata tsohuwa da ta sauka a gindin hawa, ƙwarya a ka, ta ce, "Ɗan nan, da ka bar ni da ƙafata ai da yanzu na sayar na juyo." Ni dai idona na kan allurar zafi, kunnena na kan inji. Duk sawun da na sauke a Kabo sai in buɗe bonet in kai tafin hannu kusa da silinda ta shida, ta can baya, don ita ce nesa da fanka, ita ke fara zafi. Wasu da suka gaji da jira suka ɗauki kayansu suka kama hanya suna Allah ya isa. Wani mai awaki ya isa ya tarar masu saye sun watse. Wannan asara ce ta gaske a irin wannan shekara, ban musa ba.

Sawun ƙarshe na dattawa ne, domin sun ce su ba sa rububi. Liman da mai unguwa suka zauna a gaba tare da ni, sauran a baya, har da Alhaji Buba. Kowa da ɗan rakiyarsa da kayansa, sai sawun ya fi duk na baya nauyi. Rana ta take, inji ya wuni yana aiki, allura ta ɗan ɗaga. Muka ƙetare rafi, na tsaya a gindin hawa.

Ba wanda ya motsa.

Mai unguwa ya ce, "Mu je mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, nan ake sauka."

"Ai wannan na mata da yara ne. Ni za ka sauke? Na girmi ubanka fa."

Daga baya Alhaji ya bubbuga bodi ya ce, "Habu! Ya isa haka. Waɗannan iyayenmu ne. Ja mota."

Ni ban saba ɗaga ido in kalli babba ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na kashe inji, na ɗora hannuwa a kan cinya, na sunkuyar da kai. Aka yi ta magana a kaina. Mai unguwa ya ce tun da yake ba a taɓa yi masa haka ba. Garba ya ce a ba shi sitiyari ya nuna wa duniya. Wani daga baya ya ce boko ne ya lalata ni. Rufin mota ya ɗauki zafi, gumi na ɗiga daga haɓata. Abin da na sani shi ne, in na kama hawan nan da su, a tsakiya zan ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, daga nan sai shiru.

Liman, wanda tun da muka taso yake ta jan carbi, ya buɗe ƙofa. Tsoho ne tukuf, da ƙyar ya sauko da ƙafa ɗaya ya jawo ɗayar. Ya ce, "Mai unguwa, sauko. Yaron nan ko kwana za mu yi a nan ba zai tashe ta ba. Na san irinsu, su ne in an doke su ba sa kuka, ba sa kuma dainawa." Ya waiwaya baya ya ce, "Buba, amana ka ba shi ko ba amana ba?" Bai jira amsa ba, ya dogara sandarsa ya kama hawa.

Da liman ya taka, wa zai zauna? Suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Na tashi inji, na sa giya ta ɗaya, na bi su a hankali: dattawan Madadi a gaba cikin manyan riguna, mota na biye da su ba kowa a cikinta sai kaya. Masu dawowa daga kasuwa suka tsaya gefen hanya suna kallo. Labarin ya riga mu isa Kabo.

Bayan haka na riƙe motar ina zagayawa da ita wofi tsakanin Gwarzo da Kabo har na ji ta saki. Na zubar da baƙin mai na farko, na murza shi a yatsa a cikin rana, ga ɗan ƙyallin ƙarfe mai laushi kamar kwalli, alamar ringi ya zauna lafiya. Na sake bin kan inji da sifana, na daidaita bawul. Sannan na kira Garba na miƙa masa makulli na ce, "Yanzu loda, ka taka yadda kake so."

Ya tafi kudu ya dawo da dusa da harawa, an ɗaure har sun fi bodi tsawo. Ina Madadi ranar da ya iso, na je jin inji. Tun daga nesa muka jiyo shi, murya ɗaya sumul, ba tari ba haki. Garba ya diro yana ihu, "Wallahi hawan nan ko giya ban canja ba!" Aka hau sauke kaya, shanun da ke iya tashi suka taso suna bin ƙanshin harawa.

Alhaji Buba na tsaye, hannu a baya. Tun ranar kasuwa bai yi mini magana ba, bayan wannan ranar ma bai ƙara kawo mini aiki ba har ya bar duniya. Ya tsaya kusa da bonet ya daɗe yana sauraren injin. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Inji ya yi. Kai ne ba ka yi ba."

Na ce, "Alhaji, ai inji ka kawo gyara."